Cinikin biri a sama: makaɗan Aderbissinat da sayen amfilin gitar bas daga nesa

A kasuwar bisashe ta Aderbissinat ba mai biyan kuɗin raƙumi sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya gurfanar da shi ya tashe shi, ya kuma ga tafiyarsa. Wannan ƙa'ida ce wadda ko yaro ya sani. Amma samari masu kaɗa gita a wuraren buki, in ranar sayen amfili ta zo, wato na'urar ƙara sauti, tare da akwatin lasifika da makaɗa ke kira baful, tilas suke aikata abin da Hausawa suka hana, wato cinikin biri a sama. Kuɗi su tafi, kaya su iso bisa mota bayan kwanaki ko makwanni, kuma sau da yawa sai a daren buki, gaban dangin ango da na amarya, ake sanin ko an yi dace. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, don kaya masu kyau sukan kai farashin raƙumi, kuma galibi na karo-karo ne ko na bashi.

Dalilin haka a fili yake. Aderbissinat, wadda aka raba da Cirozerin aka mai da ita gunduma a shekara ta 2011, tana bisa hanyar da ta haɗa Agadas da Damagaram ta Tanut, kimanin kilomita 160 kudu da Agadas, kusan 300 arewa da Damagaram. Manyan wuraren da ake samun irin waɗannan kaya a jere har mutum ya zaɓa, kamar kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko Alaba ta Legas, ko kantunan Yamai, duk sun fi nan nisa ƙwarai. Waɗansu kayan kuma daga arewa suke gangarowa, ta Tamanrasat ko Sabha, waɗansu ƴan uwa mazauna Turai ke aikowa. Wanda ya ce sai ya je da kansa ya saurara, kuɗin mota da na masauki sun cinye rabin guzurin.

Kiɗan gita ya daɗe da zama na gida a jihar Agadas. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, yana cikin waɗanda suka share fage, lokacin da kasat-kasat ɗinsa ke yawo hannu da hannu a shekarun 1990. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, da aka kafa a Agadas a 1995, a wuraren buki ta yi suna tun kafin duniya ta san ta, Bombino kuwa ya kai har jerin ƴan takarar kyautar Grammy ta Amurka da faifansa Deran na 2018. A farkon al'amari babu gitar bas cikin wannan kiɗa: babban yatsan makaɗi ne ke bugun tsirkiya mai kauri, ƴan tafi da mai ƙwarya suna riƙe masa. Da ganguna irin na Turai suka shigo, gitoci suka ƙaru, sai aka ga dole a sami abin da zai riƙe ƙasan kiɗan, kamar yadda ginshiƙi ke riƙe soro. Ƙungiyar da ba ta da bas mai ƙarfi, masu rawa ne ke fara gane ta.

To, me ya sa bas ta fi sauran kayan kiɗa wuyar sha'ani? Tsirkiya mafi kauri ta gita tana girgiza sau 82 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta bas mai tsirkiya huɗu sau 41 take yi, rabin wancan ke nan. In mai tsirkiya biyar ce, har ta sauka zuwa 31. Kafin lasifika ta fitar da sautin da ya yi ƙasa da rabi, da ƙarfi iri ɗaya, sai faifanta ya tura iska ninki huɗu. Shi ya sa amfilin gita, in an dage an sa masa bas an murɗa, lasifikarsa ke yagewa. A cikin ɗaki, bango da rufi suna mayar da sauti su ƙara masa kauri. Buki kuwa a nan a fili ake yinsa, bisa rairayi, ba bango ba rufi. Kayan da suka girgiza kanti a Kano suna iya zama kamar ƙugin sauro a dandalin Aderbissinat.

Masu sayarwa a yau sukan aiko da ɗan bidiyo ta WhatsApp, ana kaɗawa ana murmushi. Kada mai karatu ya ruɗu da wannan. Ƴar lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da sautin da ya yi ƙasa haka ko kusa. Abin da kunne ke ji cikin bidiyon ƙarar yatsa ce da saman sautin. Iyakar shaidar da bidiyo ke bayarwa ita ce na'urar tana kamawa. Abin da ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, shi ne hoto mai kyau na bayan na'urar, inda aka rubuta lambobi, domin wanda aka hana saurare, karatu ya rage masa.

Abin da ke rubuce a bayan na'ura

Lamba ta fari ta wuta ce. A Nijar wutar gida bolt 220 ce. A Amurka 120 ce, a Japan 100. Kayan gwanjo da suka fito daga waɗannan ƙasashe, in an cusa su kai tsaye, hayaƙi ne kawai zai tashi, kuma ba a kai ga jin ko da sauti ɗaya ba. Waɗansu na'urori suna da ɗan makunni a baya da ake juyawa, waɗansu suna karɓar kowace wuta daga 100 zuwa 240, waɗansu kuwa sai da taransifoma. Rubutun yana nan kusa da inda wayar wuta ke shiga.

Ta biyu ita ce om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da amfili ke turo mata, kuma a nan ne aka fi yin hasara in an sayi amfili daban, akwati daban. Akwatunan bas galibi om 8 ne ko om 4. A bayan kowane amfili an rubuta mafi ƙanƙantar lambar da yake iya ɗauka, yawanci 4. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lissafin a juye yake: in an haɗa akwati biyu a amfili guda, lambar raguwa take yi. Biyu masu om 8 sun zama 4, wannan lafiya lau. Biyu masu om 4 kuwa sun zama 2, amfilin da aka yi don 4 sai ya yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone gaba ɗaya. Saboda haka ƙungiyar da kuɗinta bai kai na akwati biyu ba a bana, amma tana sa ran ƙarawa baɗi, mai om 8 ya kamace ta. Sai dai ta sani cewa amfilin da aka rubuta masa wat 500 a om 4, wajen 300 kawai zai bayar a akwati guda mai om 8.

Wat ɗin ma akwai magana a kansa. Kwalaye da yawa suna ɗauke da lambobi masu ban tsoro, 3000 ko 5000, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lambar talla ce, ba ta da ma'auni tsayayye. Wadda ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki. In ba a rubuta ba, akwai dabara: a nemi hoton fis. Na'urar da fis ɗinta na amfiya 2 ne a wutar bolt 220, ba ta jan fiye da wat 440 daga bango, kuma tulu ba ya zubo ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa. Makaɗa masu aiki a fili tare da ganguna sukan nemi wat 300 na gaskiya zuwa sama. Amma ninka wat ba ya ninka ƙara. Ɗan ƙari ne kawai da kunne ke lura da shi, wanda masana ke aunawa da desibel 3. Kafin mai saurare ya ce ƙarar ta ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma.

Wannan ya sa akwati ya fi amfili muhimmanci, ko da yake shi ne samari suka fi rainawa. Kamfanonin kirki suna rubuta yawan desibel da akwati ke bayarwa da wat ɗaya. Mai 99 da wat 200 daidai yake da mai 96 da wat 400, ga kuma sauƙin man inji. Akwati mai lasifika huɗu ƴan inci 10 ya fi mai guda ɗaya ta inci 15 faɗin faifai, don haka ya fi tura iska, ko da yake ido ya fi ganin girman ta 15 ɗin. A tambayi kuma irin katakon. Falanki mai ninki-ninki yana jure jifa da girgizar mota. Garin katako da aka danne da gam kuwa, kusoshinsa kwancewa suke, in kuma ruwan damina ya taɓa shi sai ya kumbura. Bakin faifan ma a duba: na soso yana ruɓewa ya marmashe in ya tsufa, musamman a ƙasa mai zafi, na ƙyalle ya fi shi kwana.

Zafi da ƙura da mai gyara

Kamfanin Leo Fender ya fitar da gitar bas ta lantarki mai suna Precision a 1951, ya bi ta da amfilin Bassman a 1952. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da SVT, mai wat 300, wanda har yau makaɗan duniya ke yabo. Amma shi mai fitilun gilashi ne a ciki, nauyin kansa kaɗai ya kusa kilo 40, fitilun ba su son girgiza, ba a samun su a kasuwannin kusa, kuma in an kunna irinsa ba tare da lasifika ba yana iya lalacewa. Wanda aka yi wa tayin irin wannan da araha, ya tuna da hanyar Tanut. A ɗaya gefen akwai na zamani, marasa nauyi, waɗanda wat 500 ɗinsu bai fi kilo biyu ko uku ba, mutum ya rataya a kafaɗa ya hau babur. Suna da daɗin ɗauka, ba su cika zafi ba, amma in sun mutu, kayan cikinsu ƙanana ne ƙwarai, sau da yawa sai an sake allon gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu akwai tsofaffin masu taransifoma da taransisto na yau da kullum, masu nauyi amma masu haƙuri, waɗanda mai gyaran rediyo a Agadas ko Damagaram zai buɗe ya gane. Ga mai zama nesa da birni, wannan shi ne abin dubawa kafin daɗin sauti, tun da na'urar da ba ta gyaruwa ranar mutuwarta ta zama kujera.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin ko'ina. Fankar da ke cikin amfili iska take ja, tare da rairayi, don haka sai da busawa a kai a kai, kuma ba a ajiye shi a ƙasa ko a rana. Ƙaramin injin wuta, wanda ƙarfinsa ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna fitila ko aka kashe, ya kashe amfili fiye da tsufa. Kuɗin na'urar daidaita wuta a sa su cikin lissafi tun farko. Amfili daban da akwati daban sun fi wanda aka haɗe wuri guda ta nan: in ɗaya ya lalace, a tura shi gyara, a ari wani a yi buki.

Saura sharaɗin ciniki. Ɗan uwa ko amini da ke birnin, ko da bai iya kiɗa ba, yana iya yin abubuwa da hannunsa. Ya danna faifan kowace lasifika a hankali da yatsu. In ya ji gurzawa, naɗin wayar ciki ya taɓa ƙonewa. Ya taɓa wayar akwatin da ƙaramin batir, dukan faifan su motsa tare, gefe guda. Ya sa mai gyara ya auna da mita: akwati mai om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 wajen 3. Ya sa a bar amfilin a kunne yana aiki rabin sa'a, a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarce. Ya ɗauki hoton lambar jikin na'urar, don a tabbata abin da aka gani shi aka ɗora wa mota, domin sunayen manyan kamfanoni ana liƙa su a jikin kayan da ba nasu ba. Wayar da ke tsakanin amfili da akwati ma a saye ta can, mai kauri, don siririyar wayar gita ba ta ɗaukar wannan wuta.

Fatake tun dā ba su biyan kuɗin kayan da ba su gani ba duka a lokaci guda, kuma babu dalilin da makaɗa za su yi. A ba da kafin alƙalami, sauran su zauna hannun wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a yanka kwanakin gwaji, a kuma faɗi tun farko wanda zai biya kuɗin mota in kaya sun koma. Mai kantin da ya ƙi wannan, a nemi wani. Lokaci ma yana da muhimmanci: wanda ke son kayansa su yi aiki a bukukuwan bayan damina da taron Ingal na watan Satumba, ya yi oda tun kafin ruwa ya sauka. Ranar da mota ta iso, a kwance kayan a gaban direba, a fitar da su fili inda za su yi aiki, a kunna da injin da za a riƙa amfani da shi, mai ganga ya zauna ya buga da ƙarfinsa, wani kuma ya taka taku hamsin ya tsaya ya saurara.