Wiwin zare da wiwin hayaƙi

Wanda ya san Bompai da Sharada da Challawa a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, idan ya ratsa su yau sai ransa ya ɓaci. Ƙofofi da yawa a garƙame, atamfar da ke Kantin Kwari kuma mafi yawanta daga Sin take zuwa. A irin wannan hali ne ake jin masu cewa a halatta noman wiwi, tunda ƙasashen waje suna saƙa tufafi da shi. Da an faɗi haka sai dattawa su yi salati, don su wiwin da suka sani shi ne wanda ya lalata musu 'ya'ya. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, domin iri biyu ake magana a kai.

Tsiron asalinsa ɗaya ne. Linnaeus ya sa masa suna Cannabis sativa a 1753, Lamarck kuma ya ware na Indiya da sunan indica a 1785. Masu sayarwa na cewa sativa tana sa kuzari, indica tana kashe jiki, amma an barbara irin har wannan rabon ya daina aiki sosai. Abin da ke raba wiwin zare da na hayaƙi a zahiri shi ne yawan sinadarin THC, mai sa maye.

Wiwin zare dogo ne, siriri, ana shuka shi a cunkushe don ya miƙe sama ba rassa, saboda ɓawon karan ake so. Da shi ake igiya da buhu da takarda da yadi, 'ya'yansa kuma a matse mai. Dokar Amurka ta 2018 ta ce kada THC ɗinsa ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, kuma Ghana ma wannan ma'aunin ta ɗauka. Ko mutum ya zuƙe shi ba zai bugu ba.

Wiwin hayaƙi kuwa gajere ne mai rassa. Manominsa yakan tuge mazan tsiron ya bar matan, don furensu ya tara danƙo, a nan mayen yake. Shi ake nomawa a dazukan Ondo da Edo a yo lodinsa zuwa Arewa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne ke shan sa. Na yanzu kuma ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma binciken da aka wallafa a 2019 kan wasu biranen Turai ya gano cewa mai shan irin mai ƙarfi kullum ya fi wanda ba ya sha haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar. Iyayen da suka taɓa kai yaro asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba sa bukatar a karanta musu wannan adadi.

Na yarda bambancin na gaske ne, har ma akwai maganin farfaɗiyar yara da aka samar daga CBD, ɗaya sinadarin da ba ya bugarwa. Damuwata ita ce ido ba ya iya raba busasshen ganyen wannan da na wancan, sai ɗakin gwaji. Jami'in NDLEA da ya tare mota a hanyar Zariya da tsakar dare, da me zai tantance? Dokar wiwi ta 1966 ba ta raba su ba, kuma ban ga muna da kayan aikin raba su a kowane shinge ba.

Sannan ba rashin zare ne ya rufe masaƙunmu ba. Wutar lantarki ce, da fasa-ƙwaurin yadi, da lalacewar noman auduga a Funtua da Gusau. Idan ma zaren buhu da igiya ake nema, ga rama nan a gonakinmu, wadda masana suka kira Hibiscus cannabinus saboda ganyenta ya yi kama da na wiwi. Kakanninmu sun tufka igiya da ita, iyayenmu mata suna kwaɗonta, ba ta taɓa kai ɗan kowa Dawanau ba. Da ni ke da masaƙa a Challawa, da ita zan fara neman manoma.