Fim ɗin kaboyi da aka yi a Nijar da akwati guda na tufafi

Dattawanmu da suka taɓa shiga gidan sinima a Damagaram ko Yamai sun san finafinan kaboyi na Amurka: malafa, doki, bindiga a ƙugu. Yawancinsu ba na manyan kuɗi ba ne. A shekarun 1940 da 1950 ƙananan kamfanoni kan ɗauki fim guda cikin ƴan kwanaki, a filayen da ke kusa da Los Angeles, dutsen da ka gani a wannan shi za ka gani a wancan.

To, a nan gida ma an yi. A 1966 Mustafa Alasan ya fito da "Le Retour d'un aventurier", wato dawowar ɗan yawon duniya. Makanike ne tun farko, ya koyi riƙe kamara a Yamai wajen Bafaranshe Jean Rouch, ya ƙaro sani a Kanada.

Labarin gajere ne, rabin awa da ƴan mintoci. Saurayi ya dawo daga Amurka, tsarabarsa akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokai, kowa ya canza suna, wani Black Cooper, wani Casse-Tout. Daga wasa sai satar dawaki, sai raina manya, har aka kai ga zubar da jini. Kun ga dabarar? Abin da ba mu da shi tufafin ne kawai. Dawaki, daji da rana duk Allah ya hore mana, ƴan wasan kuma matasa ne da ba su ƙware ba, cikinsu har da Djingarey Maiga, wanda daga baya ya zama mai shirya fim. A ganinmu, rashin kuɗin nan shi ya ƙara wa fim ɗin armashi, don samarin cikin labarin ma da kayan aro suke taƙama. Serge Moati ya ɗauki yadda aka yi aikin a wani fim, "Les Cow-boys sont noirs".

Wadda ta ɗanɗana kuɗarta ita ce Zalika Sule, budurwar da ta sa wando ta hau doki. Mutane suka riƙa ɗaukar rawar da take takawa a finafinai a matsayin halinta, ta sha zagi. Da harkar sinima ta durƙushe a Nijar, ƙasar waje ta tafi, aikatau. Mustafa Alasan ya rasu a 2015, Zalika a 2021.