Katin Rajistar Bindiga A Amurka: A Aika Wa Maƙera Ko A Riƙe?

Yau za mu duba wata mas'ala da ta raba kan masu bindiga a ƙasar Amurka. A can, idan mutum ya sayi sabuwar bindiga, sau da yawa yakan tarar da ɗan kati a cikin akwatinta. Ana so ya rubuta sunansa, da inda yake zaune, da lambar da aka buga a jikin bindigar, kana ya aika wa kamfanin da ya ƙera ta, ko ta gidan waya ko ta intanet. Dalilin da ake faɗa masa shi ne garanti, watau alkawarin da maƙera suka ɗauka na yin gyara kyauta in wani aibi ya bayyana. Waɗansu sukan cika katin nan take, waɗansu kuwa suna ganin tona asirin kai ne. To, wanne ne daidai?

Da fari ku sani, garanti bai rataya ga katin nan kamar yadda mutane suke zato ba. A shekarar 1975 aka kafa doka a Amurka mai suna Magnuson-Moss. A ƙarƙashinta alkawarin maƙeri iri biyu ne, cikakke da mai iyaka. Wanda ya ba da cikakke ba shi da ikon cewa sai an mayar masa da kati zai yi gyara. Wanda ya ba da mai iyaka yana iya sa wannan sharaɗi, amma wajibi ne ya bayyana shi a rubuce. Saboda haka mai saye ya karanta takardarsa, ya kuma adana rasit, gama shi ne shaidar ranar ciniki. Kamfanin Ruger ma ba ya ba da garanti a rubuce, duk da haka yana karɓar bindigoginsa yana gyarawa.

Babban amfanin katin yana wani wuri dabam. A 1972 Amurka ta kafa hukumar da ke lura da lafiyar kayan da jama'a suke saye, tana da ikon tilasta a janye kaya masu haɗari daga kasuwa, kamar gadon jariri ko abin wasan yara. Amma Majalisa ta hana ta sa hannu cikin sha'anin bindiga da harsashi. Ke nan in bindiga ta fito da aibi, maƙerin ne da kansa zai yi shela. Shi kuwa dillalai yake sayar wa, bai san hannun da bindigar ta ƙare ba, sai fa wanda ya aiko masa da suna.

Wannan ya sha faruwa. A 2014 kamfanin Remington ya yi kira ga masu bindigogin farautarsa samfurin 700 da samfurin Seven, waɗanda aka ƙera daga 2006 zuwa 2014, su daina harbi da su, domin suna iya tashi ba da nufin mai su ba saboda aibin kunama. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya yi tayin canza waɗansu sassan ƙaramar bindigarsa P320 kyauta, bayan an gano tana iya tashi in ta faɗi ƙasa ta wata fuska. A wannan shekara kuma kotu ta amince da wani sulhu dabam a kan kunamar Remington, wanda ya shafi bindigogi wajen miliyan 7.5, amma a lokacin buƙatun gyara da aka shigar ba su wuce kimanin 22,000 ba. Lalle a cikin sauran akwai waɗanda labarin bai kai gare su ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Masu ƙin katin su ma suna da hujja, tsoronsu kuwa kashi biyu ne. Na farko tsoron gwamnati. Ga yadda abin yake: dokar 1968 ta wajabta buga lamba a jikin bindiga, ta kuma sa kowane dillali mai lasisi ya ajiye takardar mai saye. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya tara sunayen masu bindiga cikin rajista guda. In aka tsinci bindiga a wurin laifi, hukumar ATF takan bi sawunta daga maƙera zuwa babban dillali, zuwa mai kanti, har ta kai ga wanda ya fara saye. Ashe wanda ya sayi sabuwa a kanti an riga an san hanyar gidansa, da kati ko babu. Wanda katin yake ƙara bayyanawa shi ne mai sayen ta hannu.

Na biyu tsoron kamfanin ne kansa, wannan kuwa ya tabbata. A 2024 'yan jaridar ProPublica suka fallasa cewa tun ƙarshen shekarun 1990 waɗansu maƙera, har da Glock da Smith & Wesson da Remington, sun miƙa bayanan masu sayen kayansu, waɗanda akasari aka ɗebo daga katunan garanti, ga ƙungiyar masana'antarsu, NSSF, don aikin siyasa, ba da sanin masu sunayen ba. A 2016 bayanan suka kai hannun kamfanin Cambridge Analytica. Mutum ya ba da sunansa don gyaran kunama, aka yi farautar ƙuri'arsa da shi. Wannan cin amana ne.

To, abin da ya fi kusa da daidai a ganinmu shi ne wannan. Aibin bindiga yana iya cin rai, ran mai ita ko na ɗansa, wannan kuwa ya fi ɓacin ran fitar suna nauyi. Don haka aika katin ya fi riƙe shi, amma a taƙaita ga suna da adireshi da lambar bindiga. Tambayoyin da sukan biyo baya, na yawan albashi da shekaru da abin da mutum yake sha'awa, a bar su fayau, gama ba su da alaƙa da gyara. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta natsu ba, yana da ikon riƙe katinsa, amma ya sani ya ɗauki nauyin neman labari da kansa: ya adana rasit, ya riƙa leƙa shafin maƙerin a intanet yana gwada lambar bindigarsa da sanarwar janye kaya. Wanda ya yi kuskure shi ne wanda bai aika ba, bai kuma bincika ba.