Tsutsar da ke cinye dodon koɗi

Jama'ar zango, iyayenmu da matasa, ya kamata mu san wannan tsutsa. Asalinta tsibirin New Guinea ne. Baƙa ce, shimfiɗaɗɗiya, da zane mai haske a bayanta, tsawonta kamar santimita 5. Tana bin yauƙin dodon koɗi har saman bishiya ta cinye shi.

An kai ta wasu tsibiran Pasifik don ta rage ƙaton dodon koɗin Afirka, sai ta afka wa na asalin wurin. A 2014 aka sanar da ganinta a Faransa, a 2015 kuma a Florida ta Amurka. Cikin ƙasar tukunyar shuka take ɓuya ta yi tafiya.

Nan Ghana, maƙwabtanmu da yawa da sayar da dodon koɗi suke ci. Matafiyanmu, don Allah kada mu shigo da shuka da ƙasarta.