Fitilar Hazo Ta Bayan Mota

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri da asuba cikin watan Janairu ya san abin da hazo ke yi wa direba. Iskar hunturu takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe mu da ita, wata rana har mutum ba ya hangen motar da ke gabansa sai ya kusa cim mata. Direbobinmu sun fi kula da fitilun gaba, amma a ganinmu mai tafiya sannu cikin hazo, tirelar da ke biye da shi ita ce abar tsoro.

Domin maganin wannan aka ƙago fitilar hazo ta baya. Ja ce kamar ƙaramar danjar nan da ke kamawa tare da fitilun gaba, sai dai ƙwan danja wat 5 ne, nata kuwa wat 21, watau daidai da na birki. A Ingila doka ta wajabta ta ga kowace sabuwar mota tun Afrilu 1980, sauran ƙasashen Turai ma suna da irin wannan doka, shi ya sa motocin da ake kawo mana daga can yawanci suna da ita. Na Amurka kuwa da yawa ba su da ita, gama dokarsu ba ta tilasta ba. Masu irin waɗannan muke yi wa magana.

Da fari sai a zaɓi wuri. In guda ɗaya ce, a hagu za a ɗaura ta ko a tsakiya, ba a dama ba. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama, watau hagun mota shi ke wajen tsakiyar titi, ta nan kuma na baya zai wuce. In ya hango jar fitila a dama, zai zaci nan motar ta tsaya, ya zo wucewa ya kwashi gefenta. Ƙa'idar Turai ita ce a bar aƙalla santimita 10, kamar inci 4 ke nan, tsakaninta da fitilar birki, tsayinta daga ƙasa kuma kada ya gaza santimita 25 ko ya wuce mita 1. Ƙarƙashin bamba ya wadatar.

Jan waya shi ne inda ake ɓata aikin. Kafin a taɓa kome, a kwance kan batir wanda ke haɗe da jikin mota. Sa'an nan a ɗebo wuta daga wayar fitilun gaba, domin kada ta kama sai an kunna su. Kusa da inda aka ɗebo a sa fis mai amfiya 5, tun da abin da fitilar ke sha bai kai amfiya 2 ba. Daga fis sai makunni a gaban direba, lalle kuwa a nemi mai 'yar fitila ruwan ɗorawa a jikinsa, don abin da ke bayan mutum ba wuya ya manta da shi. Daga nan a bi da wayar ƙarƙashin shimfiɗa ta gefen ƙofofi har but. Duk inda ta ratsa hudar ƙarfe a sa mata zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa ƙarfen ya ci bayanta, wuta ta haɗu. Ɗaya wayar fitilar a ɗaure ta da noti a jikin mota, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito fes.

Akwai wata gajeriyar hanya da waɗansu masu gyara ke bi, su jona ta kurum da wayar danja tun da ga ta nan kusa. Kada mai mota ya yarda. In an yi haka kullum dare za ta riƙa ci, ta kashe wa na baya ido, ya kuma kasa rarrabe ta da birki, har ran da aka taka birkin gaske bai ankara ba. Gara a ce babu ita da a yi mata wannan jonin. Har wa yau, motocin zamani waɗanda kwamfuta ke sarrafa fitilunsu ba a yanka musu waya da ka; sai a kai wa mai rewaya wanda ya san irinsu.

In an gama, a mai da kan batir, a sa wani ya tsaya baya a gwada: ta kama in an danna makunni, ta mutu in an kashe fitilun gaba, taka birki kuma bai taɓa ta ba. A Ingila ba a kunna ta sai in ba a iya hangen mita 100, a Jamus sai mita 50, da zarar gari ya washe kuma a kashe. Mu nan da hazonmu na ƙura ne ba na raɓa ba, akwai ƙarin aiki guda: kowace safiya a sa tsumma a goge gilashinta kafin a kama hanya.