Curin jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa: abin da ya kamata ku sani

Mene ne gindin ƙwaƙwalwa?

Ɗora hannunka a ƙeyarka. Can ciki, inda kai ya haɗu da wuya, akwai wani ɗan sashe da ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya. Shi ke kula da numfashinka da bugun zuciyarka ko kana barci. Haɗiye abinci, juya ido, motsa fuska, duk ta nan umarninsu ke bi. Daga cikin jijiyoyi 12 masu fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, 10 daga nan suke tasowa. Wurin a matse yake ƙwarai, shi ya sa ɗigon jinin da ba zai yi komai ba a wani wuri yake kwantar da mutum idan a nan ya zuba.

Mene ne wannan curin?

A wasu mutane, ƙananan hanyoyin jini sukan harɗe su dunƙule kamar zaren da ya cuɗe. Iri biyu aka fi sani. Na farko likitoci na ce masa kabanoma: bangonsa siriri ne, jini na tafiya a hankali a cikinsa, yana tsattsafowa lokaci zuwa lokaci. Kusan mutum 1 cikin 200 na da shi a wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma da yawa har su tsufa ba su sani ba. Na biyu shi ne AVM, inda jijiya mai kawo jini da ƙarfi ta haɗu kai tsaye da mai mayar da shi. Wannan idan ya fashe ya fi ɓarna. Dukansu ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsu daga wani.

Wa ya fi shafa, kuma da wace alama?

Galibi alamun kan bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 50, ga maza da mata, ko da mutum ba shi da hawan jini. Akwai irin kabanoma da ake gado. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa na iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi.

Idan curin a gindin ƙwaƙwalwa yake, mutum zai wayi gari yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ya ɗaga kofin ruwa ya kurɓa, ya sarƙe, ruwan ya fito ta hanci. Jiri, tangaɗi, nauyin harshe, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa. Alamar da ta fi nuna wurin ita ce fuska ta mutu ta gefe ɗaya, hannu da ƙafa kuma ta ɗaya gefen.

Ka ce, ai wani bakinsa ya karkace kuma ya warke? Gaskiya ne, yawancin karkacewar baki kumburin jijiyar fuska ne kawai. Amma idan ta zo da matsalar ido ko haɗiya ko tafiya, zance ya canza. Abin da ya fi damuna shi ne, alamun kabanoma kan lafa bayan makonni, saboda jiki ya tsotse jinin. Sai iyali su ce iska ce, hayaƙi ya yi aiki. Curin kuwa yana nan, kuma wanda ya taɓa zubar da jini ya fi saurin sake zubarwa, musamman a shekarun farko. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ina za a je a Sakkwato?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, inda marasa lafiya ke zuwa daga Kebbi da Zamfara, har da Jamhuriyar Nijar. Hoton da ya fi gano kabanoma shi ne MRI, na'ura mai aiki da maganaɗisu. Hoton CT yana nuna sabon jini, amma ƙaramin curi na iya ɓoye masa.

Dole ne a yi tiyata?

A'a. Curin da bai tada hankali ba akan sa masa ido ne da hoto. Akan yi tunanin fiɗa idan ya maimaita zubar jini kuma yana kusa da inda likita zai isa ba tare da ratsa lafiyayyen nama ba. AVM kuma akan toshe shi ta bututu siriri, ko a ƙona shi da haske na musamman.

Kuɗi fa?

MRI ya fi CT tsada, kuma ba sau ɗaya ake yin sa ba. Ka sa motsa gaɓɓai na watanni a lissafinka. Idan kana da inshorar NHIA ko ta jiha, SOCHEMA, tambayi ofishinsu abin da suke biya kafin ranar hoton.