Tsatsa a Cikin Tsoka: Me Ke Kare Ƙarfen Mai Karaya?

Hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Wudil ba ta rabo da haɗari, kuma wanda karayarsa ta fi ƙarfin mai ɗori, galibi Asibitin Ƙashi na Dala ake garzayawa da shi, a ɗaure ƙashin da faranti da sukurori. Dangi kan tambayi kuɗin aiki. Da wuya ka ji an tambayi irin ƙarfen, alhali nan gizo ke saƙar.

Jikin ɗan Adam ba ya raga wa ƙarfe: ga ruwa, ga gishiri, ga ɗumin digiri 37 dare da rana. Ƙarfen tiyata mai lamba 316L yana tsira ne albarkacin kuromiyam da ke cikinsa, kusan kashi 18 cikin 100, wanda ke haɗuwa da oksijin ya yi wata 'yar fata da ido ba ya gani. Titaniyam ma haka yake kare kansa. Amma inda kan sukuru ke gugar faranti duk takun da majinyaci ya yi, fatar kan kankare. Gishiri ya samu ƙofa, ƙarfe ya fara tsiyaya cikin tsoka, wurin ya kumbura, sukuru ya yi lako-lako. Alal misali, a 2010 kamfanin DePuy ya janye ƙugun ƙarfensa samfurin ASR, bayan an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya; kobalt da kuromiyam sun yi ta shiga jinin wasunsu.

Shi ya sa ake yi wa ƙarfen rufi. Akwai na titaniyam da naitirojin, mai ruwan zinariya, mai jure guga. Wanda ya fi jan hankalina shi ne haidiroksi-afatait, ainihin ma'adinin da aka gina ƙashi da shi. Ana fesa shi da tsananin zafi, sai ƙashi ya ɗauki ƙarfen ɗan gida ya manne masa. Idan fesawar ba ta yi kyau ba kuwa, ɓarewa yake yi, ɓarɓashin ya zama wata cutar.

Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun fitar da wannan ma'adini daga ƙashin shanu ta hanyar ƙona shi. To, Wudil tana da Kara, kasuwar shanu mai ci duk Juma'a, tana da jami'a tun 2001, wadda yanzu ake kira Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Ina ganin ya kamata ɗalibanta su karɓi ƙashi a hannun mahauta, su rufe gutsuren 316L da garinsa, su jiƙa a ruwan gishiri mai ɗumin jiki, su auna tsatsar wata-wata, sannan su kai wa likitocin Dala sakamakon.